Wankan Baba Idirisu

"Ba haka ba, da dama ake farawa," in ji Baba Idirisu, ya janye hannunsa daga nawa. "Sake."

Na sake. Yana kwance a kan tabarma a ɗakinsa da ke ƙasan benenmu a titin Ladeira da Praça, ni kuma ina durƙushe da ƙwarya ba ruwa, ina koyon yadda zan wanke shi idan ya cika. Kwana uku kafin nan na saurari ƙirjinsa, na gaya masa gaskiya: zuciyar ta kumbura, da wuya ta kai mako.

A 1876 ne, ina shekara ta huɗu a makarantar koyon likita. José ake kirana a can, kuma ba wanda ya san a cikin bauta aka haife ni. Baba kaɗai ke ce mini Yusufu, sunan da mahaifiyata ta raɗa mini. Ina ɗan shekara takwas aka sayar da ita zuwa gonakin kofi na kudu. Na bi ta har bakin jirgin ruwa ina riƙe da zaninta, wani ya ɓamɓare mini yatsu. Wani fada na coci ya ɗauke ni, ya 'yantar da ni, ya sa ni makaranta. Tun ranar da aka tafi da ita ban ƙara roƙon Allah komai ba.

Shi kuwa Baba daga Katsina aka kamo shi, aka ƙetaro teku da shi. Ya shekara talatin yana ɗaukar masu kuɗi a kujera mai sanduna a kafaɗa yana hawa tudu da su, har ya fanshi kansa. Ba mata, ba ɗa, abokan sallarsa duk sun riga shi.

"Baba, ni fa ba na salla," na ce. "Wankana zai yi?"

"Gawa nawa ka taɓa a makarantarku?"

"Sun fi talatin."

"Ka san sunan ko ɗaya?"

Na girgiza kai.

"To ni ka san nawa. Zai yi." Ya huta kaɗan, sannan ya ce, "Fushi kake da Allah."

"Na roƙe Shi a bakin jirgi, Baba. Ba a bar mini ita ba."

"Ni a cikin jirgin bayi na roƙa, kwana arba'in. Ka ga an mai da ni Katsina? Na shekara goma ban sa goshi a ƙasa ba. Da na dawo, ba wanda ya kore ni. Ban ce ka daina fushi ba, ɗana. Ka je Masa da shi."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Inna Altine, maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, ita ta rufe masa ido. Kafin azahar keken kwasar gawar marasa dangi ya tsaya a ƙofa. Na san inda yake kai su: ramin tarayya, ko teburin da muke koyon fiɗa a kai.

"Wa ke gare shi?" in ji mai keken, da Fotugis.

"Ni. Ubana ne."

Ya dubi kwat ɗina na ɗalibai, ya dubi gawar, ya miƙo takarda. Na san kafin Litinin zancen zai kai makaranta. Na rubuta sunana cikakke.

Na wanke shi yadda ya koya mini. A kafaɗarsa ta dama na taras da kanta mai tauri kamar ƙirgi, inda sandar kujera ta zauna. A nan na tsaya na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro, sannan na ƙarasa aikina.

Da muka dawo daga maƙabarta la'asar ta yi. Na yi alwala, na shiga ɗakinsa na fuskanci gabas. Fatiha kaɗai na iya, ita na yi ta maimaitawa. Da na sallame ban tashi ba.

Inna Altine ta shigo da tsintsiya. Ta share ɗakin lungu-lungu. Da ta zo inda nake zaune, sai ta kewaye ni ta ci gaba da shara.