Rumbun Inna Batula

A unguwar su Inna Batula, can Kebbe, dokar lungu guda ce: a bar hanyar da amalanken shanu zai wuce. Duk shekara kafin damina 'yan kwamitin unguwa sukan ɗaura shanu su ratsa, abin da amalanke ya goga kuwa sai a rushe shi.

Rumbun Batula ya yi shekara talatin a bakin lungu, rabinsa ciki rabinsa waje. Marigayi mijinta ya gina shi, amalanke bai taɓa ko shafarsa ba. Bara sai Alhaji Mannir, wani ɗan kasuwa mazaunin Tambuwal, ya sayi kangon da ke kallon gidanta, ya ja katangar bulo, ya ci kamu biyu na hanya. Kowa ya gani, kowa ya yi masa Allah sa albarka.

Ranar awo amalanke ya zo ya cije tsakanin katanga da rumbu. Lauwali shugaban kwamiti, wanda Batula ta goya yana jariri, ya dubi nan ya dubi can, ya ɗauko jan fenti ya shafa wa rumbun. Ya ce nan da kwana uku za a rushe.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. A ciki akwai dami arba'in na gero, cimarta da jikoki har kaka, ga hadari ya fara haɗowa.

Ta ce, "Lauwali, tsakanin rumbun ga da katangar ga, wa ya iske wani?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ai Inna ta sani, ginin laka kwamiti ke da iko da shi, bulo kuwa sai an rubuta wa mai shi takarda, a ba shi wata uku ya amsa. Haka dokar take, wallahi ba shi ya yi ta ba.

Aka rushe. Ɗakinta ɗaya ne, ya ɗauki dami goma, sauran aka jibge a tsakar gida aka rufa tabarmi. Ruwan farko kuwa ya yi kwana biyu bai ɗauke ba.

Bayan mako Lauwali ya yi sallama, wai ya zo da albishir: an samu mai zuwa Tambuwal, takarda za ta tafi gobe. Batula ta miƙe. Ta kama hannunsa ta kai shi tsakar gida, ta yaye tabarma.

Geron duk ya tsiro, kore shar.