Canji na Biyar

A minti na hamsin da biyar na ga Dogo ya dafa gwiwarsa ta hagu, ya yi maza ya saki don kada a lura. Ni kuwa na lura. Ni na haife shi, ni na koya masa tsaron baya tun ƙwallo ta fi kansa girma.

Na zaro 'yar takarda na rubuta: "Ka riƙe canjin ƙarshe. Lamba huɗu ya ji ciwo." Haka nake yi shekara goma sha tara a bencin nan. Mataimaki ba ya ɗaga wa koci murya a gaban 'yan wasa, takarda yake miƙa masa. Koci huɗu na yi wa haka, kuma duk suna karantawa.

Na biyar ɗin yana tsaye a bakin layi cikin kwat, waya a kunne, cingam a baki. Ya karɓa bai ko dube ni ba.

* * *

Ƙanin matar Shugaban kulob ne. Da aka kawo shi, cewa aka yi ya yi kwas na mako shida, har da takardar shaida mai hatimi. Ƙwallo kam a talabijin ya san ta. Ranar atisayen farko ya cika allo da kibiyoyi, mai tsaron gida ya raɗa mini, "Baba, wannan tsarin wasa ne ko taswirar gari?" Muka sha dariya. Bayan wasa goma sha ɗaya, an ci mu tara, dariya ta ƙare.

Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tsoro ke cin sa. 'Yan kallo su yi ihu, ya cire ɗan wasa. Shugaba ya kira waya, ya sake tsari.

Da safen ranar wasan nan, uwar Dogo ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, ka ce a hutar da yaron nan. Da ƙyar ya sunkuya ya ɗaura takalmi."

"Wasan ƙarshe ne. In ba mu yi ko canjaras ba, mun faɗa ƙaramin rukuni."

"Kai ba mataimaki ba ne?"

Na sa kai na fita.

* * *

Minti uku bayan takardar, koci ya sauke waya ya juyo. "A cire lamba tara!"

"Koci, shi ne canjin ƙarshe. Takardar nan fa..."

"Baba, don Allah, aiki nake yi."

A minti na saba'in Dogo ya ɗingiso bakin layi shan ruwa.

"Fito," na ce.

"Baba, in na fito mu goma ne fa."

"Na ce ka fito!"

Ya dubi koci. Koci ya ɗaga kai ya dubi inda Shugaba ke zaune, sannan ya ce, "Daure mana, saura minti ashirin."

Dogo ya koma. Da na riƙe rigarsa, da ba zai fizge ba, bai taɓa fizge mini ba. Amma shekara goma sha tara sun koya mini zama, sai na zauna.

Saura minti bakwai ya yi tsalle ya kai wa ƙwallo kai, ya diro kan ƙafar. Daga benci na ji ƙarar. Ana fita da shi yana cizon hannun rigarsa, aka ci gaba da wasa, aka zura mana ɗaya, muka faɗa ƙaramin rukuni.

Likita ya ce jijiya ta tsinke, ƙashi ya goce. Zai yi tafiya, in Allah ya so, amma ya manta da ƙwallo. Shekararsa ashirin da huɗu. Uwarsa ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi, ta gyara masa matashi.

* * *

Washegari na koma fili kwashe kayana. Rediyon mai gadi na cewa an ba koci sabon muƙami, mai ba kulob shawara.

A ƙarƙashin benci na tsinci takardar. Tana nan a ninkin da na yi mata, ba a buɗe ba. Koci dai ya naɗe cingam ɗinsa da ita.