Ganyen da Baba Mai Lambu Ya Ci

Tela na riƙe da roba, maƙwabcinsa Baba Mai Lambu na amai a ciki, amma bakinsa bai huta ba.

"Ka ba alayyahun ruwa?"

"Baba, ka ji da cikinka tukuna."

"Cikina ya gama nasa."

Ɗakin sai warin danshi. Dasashin tsohon ya yi layi shuɗi, hannunsa na dama ya saki, ko kofi ba ya ɗagawa. Likita ya ce gubar dalma ce, daga kwatar masu fasa batir, wadda da ita yake ban-ruwa.

Ashe tsohon ya daɗe da zargin ruwan. A ganinsa shuka na da wayo: in ta sha dauɗa sai ta tura ta cikin tsofaffin ganyen ƙasa, su yi rawaya, na sama su fito tas. Don haka na saman yake rabar wa mutanen layi. Na ƙasan kuwa ba ya iya zubarwa, shi yake dafawa ya ci.

Tela ya ajiye robar, ya kalli bango. "Likitan ya ce har na saman akwai."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Matarka tana ci?"

"Tun cikinta na ƙarami kake aika mata, Baba."

Tsohon ya juya fuskarsa bango. Bai sake tambayar ruwa ba. Washegari da hantsi ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Tela ya kasa zama a kan keken ɗinkinsa. Ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke. Ya leƙa cikin gida.

"Cikin ya motsa?"

"Kai dai ka ishe ni," in ji matarsa. "Ɗazu ya ɗan motsa. Ina ji dai."

Ya ɗauki fartanya da ashana ya fita. A bakin lambun ya tarar da mata biyu da kwanuka.

"Tela, tunda mai shi ya tafi, a bar mu mu tsinka mana, kar ya lalace."

"Ku koma gida, Inna."

Ya tuge alayyahun kunya bayan kunya, ya tara tsibi guda. Ganyen ɗanye ne shar, ya ƙi kama wuta. Ya tsuguna ya kare iska da jikinsa, yana ƙyasta ashana, hayaƙi siriri na tashi yana mutuwa.