Bugu na Takwas

Agogon da ke rataye a ɗakin girkinmu ba ya buga awa irin na sauran gidaje. Daga wani tsohon jirgin ruwan dakon kaya na ciro shi, wanda na yi wa aiki a tashar Hobart kafin a fasa shi. Duk rabin awa yakan ƙara bugu ɗaya, yana haɗa su bibbiyu, har ya kai takwas. Takwas na nufin awa huɗu sun cika, mai gadi ya sauka, wani ya hau. Daga nan sai ya koma ɗaya.

Da shi 'yata Bronwyn ta koyi sanin lokaci. Ranar da ta samu aiki a jirgin kamun kifi na yi ta ja mata kunne a kan tekun kudu, har ta gaji ta ce, "Baba, kai ko a baho zan yi wanka sai ka sa mini rigar ceto."

Su uku ne a jirgin, kuma bai dawo ranar da aka sa ran ganinsa ba. An nema ta sama, an nema ta ruwa, ba a tsinci komai ba sai murfin akwatin ƙanƙara.

Tun daga lokacin na kasa jin bugu takwas. Mu mutanen teku, wanda ya rasu ake buga wa takwas, an sallame shi daga gadi ke nan. Da lokacin ya matso sai in buɗe agogon in jira, in ya buga bakwai in danne 'yar gudumar da yatsa. Matata Lorraine tana gani. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ta ce shayina na hucewa.

Wata safiya Clarrie ya zo, tsohon da ke kula da ƙararrawar bakin tasha, hularsa a hannu. Ya ce an dakatar da nema, iyalan sauran biyun sun amince a buga musu takwas ranar Asabar, kuma uba ne ke jan igiya. Na ce masa tun ina saurayi na san shi da gaggawar binne mutane da ransu.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Des, ɗan'uwana, ni ma ba so nake ba. Amma ba a barin mutum tsaye a gadi ba mai karɓarsa."

Ranar Asabar ana yayyafi, iska kuma na shiga har ƙashi. Sauran iyayen suka buga nasu. Da aka zo kaina na kama igiyar: biyu, biyu, biyu, ɗaya. Hannuna ya tsaya. Bakwai ai da sauran rabin awa, kuma a rabin awa jirgi na iya ɓullowa daga bayan tsibiri. Na zuba wa bakin mashigin ido. Clarrie ya sunkuyar da kai.

Lorraine ta matso ta ɗora hannunta a kan nawa. Ya yi sanyi ƙalau.

Ta ce, "Yarinyar nan ta gaji, Des. Bar ta ta sauka."

Ita ta ja, ni dai ban saki igiyar ba.

Mun iso gida dab da ƙarfe huɗu. Na zauna da jiƙaƙƙiyar rigata, ban je wurin agogon ba. Ya buga takwas ɗinsa cif. Muna nan zaune, ba wanda ya ɗora ruwan shayi, har ya buga ɗaya.