Kujerar Tsakiya a Falon Kyaftin

A gaban teburina suka ƙulla maganar, ran wata Lahadi a kasuwar gwanjo ta Montevideo, ina cikin share ƙurar wani faifan garmaho da gefen rigata.

"Labule za a sa," in ji Likita Curbelo. "Kiɗa ɗaya, a sako shi daga faifai, a sako shi daga sidi, a sako shi daga wayata, kai kana zaune ba ka ganin komai. Zagaye uku. In ka nuna faifan a duka ukun, ba zan sake shigo da wayar nan gidanka ba, kuma ni zan riƙa zuba wa kowa mate, shayin ganyen nan da muke zagayawa da shi a ƙoƙo, har hunturu ya fita."

Kyaftin Heber ya dube shi ta saman tabarau. Bakin Likitan yake kallo, kamar yadda ya saba kallon bakin duk mai yi masa magana. Ni a lokacin na ɗauka ladabi ne.

"In na kuskure fa, mai cire haƙori?"

"Sai ka tashi daga kujerar tsakiya in hau."

Na ajiye faifan. Kujerar nan ba abin wasa ba ce. Duk Asabar da yamma mu shida muke taruwa a falon Kyaftin mu saurari kiɗan Turawan da, na goge da piyano da sarewa. Lasifika biyu ne a falon, kowace ta kai tsayin firiji, kuma wuri ɗaya ne rak da muryoyinsu suke haɗuwa daidai. A nan aka girke wata kujerar fata mai ruwan ƙasa, har an zana wa ƙafafunta alli a daɓe kada mai shara ta gusar da ita. Mai kunnen da ya fi na kowa shi ke zama a kai, kuma tun da aka kafa majalisar babu wanda ya taɓa zama sai Kyaftin. Tsohon matuƙin jirgin da ke jan manyan jirage ne a tashar ruwa, ya yi ritaya ya mayar da ransa kan faifai. In ya ce wannan bugun ya fi wancan, magana ta ƙare. Likita kuwa sabon shiga ne, ya sayar da fayafayansa kaf ya zuba kiɗan duniya a waya, yana cewa abin da muke kira ɗumi a cikin faifai ƙura ce kawai da tsufa.

Suka tafa. Kyaftin ya nuna ni da sanda.

"Aparicio, kai ne shaida, kai ne kuma bayan labule. Dillali ba shi da ilimin da zai yi mana wayo."

"Ilimin ne ba ni da shi, Kyaftin. Wayo kam ko buhu kake so sai in auna maka."

Ni aji uku na yi na bar makaranta, amma na daɗe ina sayar da faifai, kuma na san fuskar mutumin da ya shiga ciniki da ƙafar dama. Duka biyun irin fuskar ke gare su. Shi ya sa na san wani zai sha kunya.

Ranar Asabar aka wayi gari da ruwa. Uwargida Elbia, matar Kyaftin, ta soya mana torta frita, wato wainar fulawa, kamar yadda kowane gida ke yi in sama ta zubo, ta kawo da zafinsu cikin kwando. Ita ce ta ba da labulen ɗakin kwanansu, kore mai kauri, muka ɗaure shi da igiyar shanya ya rufe injinan duka. Lasifikun kaɗai aka bari a fili.

"In kun yaga mini shi, ku shidan zan shanya," ta ce. Ta zauna a bakin ƙofar kicin da ƙoƙon mate da filas ɗinta.

Doka ce a falon nan, da kiɗa ya tashi ƙoƙo zai tsaya a hannun wanda ya iske. Ba a zuƙa, ba a tauna, tari ma sai ka fita baranda. Kyaftin ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, ya zauna da safa. Kullum haka yake yi. Ya ce mutum ba ya shiga wuri mai tsarki da takalmi.

Na shige bayan labule. Akwai 'yar kafa inda ɗinkin ya saki, ta nan nake hango su.

Zagayen farko kiɗan taron makaɗa ne, mai ganguna da ƙahoni. Na sako waya, na sako faifai, na sako sidi. Fayafayan Kyaftin ba su da ƙaiƙayi ko kaɗan, wanke su yake kamar jarirai, saboda haka babu wani tsartsatsi da zai tona asiri. Ni da nake sakawa ma, da a ce ban ga hannuna ba, da ban rantse ba.

"Na biyu," in ji Kyaftin, ko ido bai buɗe ba. "Na farkon nan kamar an zuba makaɗan a gwangwani an girgiza."

Aka yi tafi. Likita ya murmusa ya ce a ci gaba.

Zagaye na biyu piyano ne. Wannan karon faifan na sa a ƙarshe, kuma da na zo sauke allura sai idona ya faɗa kan ƙafafun Kyaftin. Allura in ta sauka a kan faifai takan yi wani ɗan "dum" mai zurfi, wanda bai kai a ce an ji shi ba. Lasifikun a kan daɓen katako suke. Allurar na taɓawa, sai na ga yatsun ƙafarsa sun motsa cikin safa, tun kafin mai piyanon ya ɗaga hannu.

"Na uku. Ku ji yadda katakon piyanon yake numfashi."

Na ce a raina, tsohon nan da tafin ƙafa yake cin mu. Dariya ma abin ya ba ni. Na ɗauka dabarar caca ce, irin wadda ni ma zan yi, ban kawo komai bayan haka ba. Kuma ba aikina ba ne in tona, shaida aka sa ni.

Sai dai Likita ba yaro ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen ramin haƙori ba ya rasa ganin ƙaramin abu.

"Dillali," ya ɗaga murya, "wannan karon ka kashe murya gaba ɗaya sai allura ta zauna, sannan ka ɗago ta a hankali. Sauran biyun ma haka, kada wani ya ce an yi masa rashin adalci. Kyaftin, ka yarda?"

Ya maimaita sau biyu kafin Kyaftin ya juyo.

"Yi yadda kake so, yaro. Kai za ka zaɓi kiɗan ma."

"To a sa naka. Na masu goge huɗun nan."

Duk muka yi "aha". Wannan faifan shi ne takobin Kyaftin. Da ƙaramin goge guda ɗaya yake farawa, shi kaɗai, can sama, siriri kamar zaren gizo-gizo, ya daɗe yana lilo kafin babban goge ya shigo daga ƙasa ya tallafe shi. Duk baƙon da ya zo gidan sai an sa masa. Kyaftin zai sauke allurar da hannunsa, ya koma kujera ya lumshe ido, yatsansa na bin gogen a iska, in an gama ya ce, "Kun ji? Siliki. A sidi wannan wurin waya ce ta ƙarfe." Mu kuma mu gyaɗa kai. Likita bai zaɓe shi da mugunta ba, na tabbata. So yake ya kayar da mutumin a filinsa.

Na kashe murya. Na sauke allura, ta zauna. Na ɗago muryar a hankali.

Gogen ya fito. Ban taɓa jin ya yi daɗi kamar ranar ba, ga ruwa yana sauka a kan tagar baranda, ga zaren nan yana hawa yana hawa. Wanda ƙoƙo ya iske ya ƙame da shi a ƙirji. Likita kansa ya sunkuyar da kai.

Kyaftin yana zaune idonsa a buɗe, yana kallon labule. Ya gyara zama. Ya ɗan buga yatsa a hannun kujera. Can sai ya ce, da ƙarfi, irin muryar da yake yi wa ma'aikatan jirgi:

"Aparicio! Barci kake yi a bayan nan? Sako mana, mutane na jira!"

Babu wanda ya motsa. Gogen ya ci gaba da abinsa, bai san abin da ya yi ba. Ni kuwa hannuna na kan maɓallin murya, na rasa ko in kashe ko in ƙara. Na yi ciniki da ɓarayi, na yi da 'yan sanda, ban taɓa jin gumi ya tsattsafo mini a baya irin na lokacin ba.

Sai babban gogen ya shigo daga ƙasa. Wannan kam Kyaftin ya ji shi. Na ga ƙafarsa ta ji, sannan fuskarsa. Ya san faifan nan fiye da yadda ya san hanyar gidansa, ya san tsawon abin da ke zuwa kafin wannan wurin. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

Likita ne ya yi wuf ya miƙe.

"Laifin Dillali ne! Bai ɗago murya da wuri ba, ni ma ban ji komai ba. Ku kun ji? A sake, wannan bai shiga lissafi ba."

"E, gaskiya, ni ma..." in ji wani, bai ƙarasa ba.

Wannan ƙaryar ta fi komai ciwo. Kyaftin ya ɗaga hannu ya dakatar da Likita. Ya juya wajen ƙofar kicin.

"Elbia. Ya daɗe yana yi?"

"Ya daɗe, tsoho."

Ba ta sassauta murya ba, ba ta kuma ɗaga ba. Ta ce na'urar kunnen da 'yarsu ta kawo masa tun bara tana nan cikin aljihun tebur, ƙarƙashin safa, ko kwalinta ba a buɗe ba.

"Ba a gaban mutane ba, Elbia."

"Mutanen sun riga sun ji, ai su kunnensu ƙalau."

Na ɗage allurar. Kyaftin ya sunkuya ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure igiyarsu a tsanake, mu duka muna tsaye kamar masu jiran gawa. Ya miƙe ya kakkaɓe kujerar da tafin hannu.

"Likita, ga wurinka."

"Haba Kyaftin, wasa fa ake yi."

"Ni ban yi wasa ba. A gaban shaida muka tafa. Aparicio, ƙarya na yi?"

Na fito daga bayan labule na ce ba ƙarya ba ne. Me zan ce?

Likita ya zauna a bakin kujerar, rabin jikinsa a waje, kamar wanda aka kawo a cire wa haƙori. Kunnuwansa sun yi ja. Uwargida Elbia ta karɓi ƙoƙon daga hannun mai riƙe da shi, ta zuba ruwa, ta zuƙe shi har ƙasa da ƙarar nan da aka hana shekara da shekaru. Muka ci torta frita da suka huce, muka yi zancen ruwa da na ƙwallo, kowa ya nemi laimarsa da wuri.

Majalisa ba ta watse ba. Asabar ta gaba Kyaftin ya fito da abin a kunne, ya ja kujerar katako ya zauna jikin lasifikar hagu, tafinsa a kan akwatinta. Ya ce na'urar tana mayar da goge kamar kukan ƙofa, amma ko ba komai ya san lokacin da ya fara. Bai ƙara yanke hukunci a kan wani bugu ba. In an tambaye shi sai ya ce a tambayi mai kujera.

In lissafi za a yi, Likita ya ci kujera, amma har yau bai jingina da ita ba, kuma bai sake cewa ƙura da tsufa ba. Kyaftin ya rasa kujera da sarautar kunne a yammaci ɗaya, cikin gidansa. Uwargida Elbia ce ta ci riba tsantsa: ta daina maimaita magana sau uku, labulenta kuma ya koma ɗaki ba yaga. Babbar asara tamu ce, mu huɗun da ke gefe, da muka shekara muna jin siliki a duk inda kurma ya nuna mana da yatsa. Ni tawa ta ɗara ta sauran, domin a kasuwa in mai saye ya tsaya yana jinjina faifai, da nakan ce masa Kyaftin Heber ya saurara ya yaba. Yanzu sai dai in ce masa ya kai gida ya ji da kunnensa.