Yatsan Attahir

Duk unguwarsu a Belbeji an san minsharin Attahir, shi kaɗai ne bai sani ba. In ya dawo daga kasuwar dabbobi, ya yi azahar, ya miƙe a tabarma ƙarƙashin rumfa, sai ka rantse an tada injin niƙa. Dillali ne, ba ya wuce tukubar mai nama bai tsaya ba: hanta da safe, ƙoda da rana, lemon kwalba biyu a kora, ga shayi mai uban sukari. Ruwa kuwa sai na alwala. Tumbi ya yi gaba, wuya ya cika.

Matarsa Asibi ba ƙarar ce ke damunta ba, shirun ne. Yana cikin jan minsharin sai numfashin ya ɗauke cak, ƙirji ya tsaya. Tun suna sabon aure ta gano dabara: ta kama babban yatsan ƙafarsa ta dama ta ɗan ja. Sai ya yi firgigit, ya ja iska, ya ci gaba da barcinsa. Shekara ashirin da shida tana haka, dare da rana, ba ta taɓa faɗa masa ba. Da wane baki za ta ce wa maigida tana jan ƙafarsa kamar ɗan akuya?

Wata Laraba ya tashi da ihu. Yatsan ya kumbura, ya yi jajir yana sheƙi, ko gefen zane ya taɓa shi sai ya yi salati. Asibi ta duba. Na dama ne. Wanda take ja.

Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. In ya samu barci ta zauna kusa, hannuwa a cinya. Numfashin ya ɗauke, ta yi tari, ta saki kwano a ƙasa, ta rasa inda za ta sa kanta. Tsoro biyu ne suka haɗu mata: ta taɓa ta ƙara masa ciwo, ta bari ya tafi a cikin shirun nan.

A asibitin Tanut aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito, majo, babban ma'aikacin jinya, ya zaunar da su.

"Baba, wani abu ne da ake kira asid yurik ya yi yawa a jininka. In ya taru sai ya kwanta a gaɓa kamar tsakuwa. Kana cin kayan ciki?"

"Kaɗan-kaɗan."

Asibi ta kalli tumbin, ta kau da kai.

"Kana minshari?"

"Ni? Ban taɓa ji ba."

"Yana yi," in ji Asibi. "Har numfashi ya tsaya. Likita, kar ku wahalar da kanku. Ni ce na ja masa."

Ta faɗi komai tana kuka, kanta a sunkuye. Attahir ya saki baki yana kallonta.

Majo bai yi dariya ba. "Inna, ko shekara ɗari kika yi kina ja, ba ke ba ce. Nama ne da zaƙi da ƙiba da rashin shan ruwa. Irin minsharin nan ma sau da yawa tare suke tafiya da wannan ciwo. Abin da kika faɗa ya fi mini amfani. Zan ba shi magani, kuma ku je Damagaram a duba numfashin."

A motar komawa Attahir ya juya fuskarsa wajen taga. Sun wuce mai balangu a tasha, ya haɗiye miyau, ya sayi ruwa. Asibi ta ɗauka fushi yake, ta shirya wa faɗa.

Da suka isa gida ya yi salla a zaune, ya kwanta a rumfa. Ta ɗauki tabarmarta za ta koma ɗaki.

"Asibi."

"Na'am, Malam."

"Shekara ashirin da shida, kika ce?"

"Ka yafe mini."

"To, ke yaushe kike barci?"

Bai jira amsarta ba. Ya naɗe ƙafar dama a hankali yana cije baki, ya miƙo ta hagu har ta taɓa gefen zanenta.

"Zauna nan kusa," ya ce, ya rufe ido. "Wannan lafiyarta lau."