Muciyar Tasallah a Darasin Turanci

"Walid, kai ne ka tozarta ni, kuma yau sai ka amsa da bakinka!"

Da wannan Hajiya Tasallah ta banko ƙofar ajin, ko sallama babu. A ƙafa ta hawo benen makarantar koyon Turancin da ke unguwar Sultana a Madina, tana haki, abayarta na sharar ƙasa. Walid, ɗan ƙanenta, yana tsaye gaban allo yana koyarwa. Ɗalibansa manya ne, ma'aikatan otal da direbobin tasi masu neman Turancin da za su yi da alhazai. Wani dogo a baya, Rilwanu, mutumin Maraɗi, ya miƙe zumbur.

"Wallahi ita ce! Mai muciya!"

"Belijarant!" in ji ajin baki ɗaya, har da tafi.

To, ga yadda aka yi. Ran Juma'ar da ta wuce Tasallah ta shanya kuɓewa a saman soro, tantabarun Madina suka sauko mata kamar an aiko su. Ita kuwa ta san tsuntsun garin Manzo ba a taɓa shi, kora kawai ake yi. Ta fito daga kicin da muciya a hannu, tana kaɗa ta sama tana ihu, surukarta Murja ta ruga gaba da zane za ta rufe shanyar. Walid ya zo cin tuwo, yana zaune a inuwa, ashe jawwal ɗinsa, wato wayarsa, na ɗaukar bidiyo. Ya yanke tantabarun, ya yanke kuɓewar, ya bar tsohuwa da muciya tana bin surukarta a guje. Ya liƙa kalmar Turanci a sama, ya saki a duniya a matsayin darasi.

Ba ta sani ba sai yau da hantsi. Ta shirya tsaf, ta sa turare, za ta unguwar Ƙiblatain a tsayar da ranar auren autanta Sa'id, sai ga kiran Ummukulthum, uwar Wafa, yarinyar da zai aura. Murya a sanyaye. Wai a ɗan dakata. Wai ita Wafa ɗaya gare ta, ba za ta kai ta gidan da ake bin matar ɗa da itace ba.

"Ma'alesh, yi haƙuri ya Gwaggo," in ji Walid, yana murmushin yaƙe. "Darasi ne bas, ba wani abu ba. Zauna, a kawo miki shayi."

"Ka sha abinka. Wannan abin da suka kira ni, mene ne shi?"

"Ba zagi ba ne, wallah."

"Na ce mene ne shi?"

Rilwanu ne ya amsa, yana murna kamar an tambaye shi sunan garinsu. "Mai neman faɗa, Hajiya! Wanda ke shirye da yaƙi. Mako biyu muna fama da kalmar nan ta ƙi zama, muna ganinki ta zauna daram. Ni har matata na koya wa."

"Allah ya saka maka," ta ce, ta watsa masa harara. Ya zauna.

Walid dai malami ne, in an taɓo masa karatu mantawa yake da wuta na ci. Ya juya ga allo, ido na ƙyalli. "Shufi, duba Gwaggo, abin daɗi ne da shi. Rumawan dā suna ce wa yaƙi belum. Daga nan Turawa suka samo wannan kalmar. Daga nan kuma suka samo rebel, ɗan tawaye, ya'ani wanda aka ci da yaƙi ya sake tasowa. Uwa ɗaya ta haife su duka!"

"Uwa ɗaya ta haifi ubanka da ni, bai hana ka sayar da ni ba."

Aji ya kwashe da dariya. Wani ɗan Sudan ya buga tebur.

"Akwai ta ƙarshe," in ji Rilwanu daga zaune, ya kasa haƙuri. "Beli, wato ciki. Malam ya ce tana kama da su amma ba danginsu ba ce. Asalinta jakar fata."

Tasallah ta dubi Walid daga sama har ƙasa, ta tsayar da ido a tsakiya. "To ga jakar fata nan a gabanka, tuwona ne ya cika ta. Me ya hana ka ɗauki taka ka nuna wa duniya? Ni ka ga dama, kaina ba ɗankwalin kirki, a cikin gidana? Tun kafin a haife ka nake garin nan, ko maƙwabcina bai san kalar gashina ba. Yau daga Jidda ake kirana, daga Kano ake kirana, wai sannu da yaƙi!"

Dariyar ta ɗauke. Rilwanu ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ta faɗa musu zancen Sa'id, yadda yaron ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa tun da ya ji, yadda Murja ke kuka tana rantsuwa ko yatsa ba a taɓa nuna mata ba a gidan.

Walid ya zaro jawwal. "Khalas, shi ke nan, yanzu zan goge."

"Kar ka kuskura!" Ta riƙe masa wuyan hannu. "In ka goge a nan, za ka goge a cikin kan Ummukulthum ne? Wanda ba ka yanke ba, mai tantabarun, yana nan?"

Ya lalubo. Yana nan. Ɗalibai suka yo caa a kansa, kowa na leƙe. Ga tantabaru sun tashi fuu, ga kuɓewa a tabarma, ga Murja na dariya tana shimfiɗa zane.

"Allahu Akbar!" in ji Rilwanu. "Hajiya, tasi ɗina na ƙasa, kyauta zan kai ku."

"Gwaggo, darasi bai ƙare ba," in ji Walid a hankali. "In tura mata ta waya mana."

"Ta waya ka ɓata ni, da ƙafa za ka gyara. Ka sallami mutanen nan. Ƙiblatain za mu yanzu, ka durƙusa gaban matar nan, ka nuna mata tsuntsayen da ka ɓoye, ka gaya mata wanda ya yanke su da dalilin da ya sa. Da Hausa za ka faɗa, ba Larabci ba, ba Turanci ba, don in ji kowace kalma. Wuce gaba, Walid, ka je ka amsa abin da ka yi!"